Ana Cire Maka Kuɗin Ƙungiya, Amma Ka San Wakilinka? Yadda Ake Gina Reshen Ƙwadago a Batagarawa

 

Yau maganar ƙungiyar ƙwadago za mu yi. Na san da an ce ƙwadago, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne Abuja: Joe Ajaero a gaban 'yan jarida, wa'adin kwana bakwai ko sha huɗu, zaman tsakar dare da gwamnati, gari ya waye a ce an janye yajin aiki. To mu yau ƙasa za mu sauko, inda ake kira reshe. Wato ƙungiyar da ke sakatariyar ƙaramar hukumarku, ko makarantarku, ko asibitinku, ko tashar da kake lodi. Kuma don kada maganar ta tashi a iska, za mu ɗora ta a kan Batagarawa.

Bari in fara da tambayoyi biyar. Kai mai aiki, ke mai aiki, duk ƙarshen wata kafin alat ya shigo an riga an cire wani abu da sunan kuɗin ƙungiya. Nawa ne? Wa ke karɓa? Nawa ke dawowa reshenku daga ciki? Wane ne wakilinka a inda kake aiki? Yaushe rabon da a kira ku taro? In ka amsa duka biyar ɗin, reshenku na da rai, sai dai a ƙara masa ƙarfi. In ko biyu ba ka iya amsawa ba, to gyara zama, shirin nan naka ne.

Mu fara gane tsarin. NLC, wadda aka kafa a 1978, uwa ce. Ba ta ɗaukar mutum ɗaiɗai a matsayin mamba, ƙungiyoyi ne 'ya'yanta: NUT ta malamai, NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, MHWUN ta ma'aikatan lafiya, NURTW ta direbobi, ASUU ta malaman jami'a, da sauransu. Akwai kuma TUC, wadda ta fi tattara manyan ma'aikata. Kowace ƙungiya tana da hedikwata ta ƙasa, tana da shugabancin jiha, sai reshe. Ƙarƙashin reshe kuma akwai wurin aiki: makaranta ɗaya, asibiti ɗaya, sashe ɗaya a sakatariya. Duk abin da aka sa wa hannu a Abuja, a nan ƙasa yake tabbata ko ya ɓace. Misali, ranar 29 ga Yuli 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ita ma ta amince da shi a ƙarshen shekarar. To wa zai duba ko lissafin da aka yi wa masinja mai mataki na 03 daidai ne? Ajaero ba zai zo ya duba ba. Aikin reshe ne.

To me ya sa Batagarawa? Saboda wahalar gina reshe da damar gina shi duk suna nan wuri guda. Ɗaya ce cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar Katsina, amma ta kusa zagaye birnin Katsina. Ga garin Batagarawa inda sakatariya take, ga Ajiwa mai madatsar ruwa, ga Ɗandagoro, Kayauki, Bakiyawa, Barawa, Tsanni, Jino. Malamin da ke koyarwa a wannan gefe zai iya shekara bai haɗu da abokin aikinsa na wancan gefe ba, sai ranar tantancewa. Da yawan ma'aikata a cikin birni suke kwana, da safe su hau babur ko Keke, ana tashi kowa ya kama gabansa. Mutanen da ba sa haɗuwa ba sa jin labarin juna, kowa sai ya ɗauka matsalarsa tasa ce shi kaɗai.

A ɗaya gefen kuma, ka bi hanyar Dutsinma. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. A irin waɗannan wurare ake samun rassan ASUU, COEASU, ASUP, SSANU da NASU, mutanen da suka saba da babban taron mambobi, da rubuta abin da aka tattauna, da zama teburin sulhu. Gwanintar tana nan kusa kenan, tafiyar 'yan mintuna. Sai dai ba kasafai take tsallake katanga ta isa ga malamin firamare, ko mai sharar da ɗan kwangila ya ɗauka, ko malamar makarantar kuɗi ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Doka ta wajabta wa wanda ya ɗauke ka aiki ya cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye, ya tura wa ƙungiyar da ke da rajista. Kada wani ya raina wannan, an sha wuya a duniya kafin a same shi. A birnin Memphis na Amurka, a 1968, masu kwashe shara kimanin 1,300, kusan dukkansu baƙar fata, sun tafi yajin aiki bayan motar shara ta matse biyu daga cikinsu sun mutu. Cikin manyan buƙatunsu har da a amince da reshensu, a kuma riƙa cire musu kuɗin ƙungiya daga albashi. Goyon bayansu ne ya kai Martin Luther King garin, a can aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu. Sai ranar 16 ga watan aka daidaita.

Amma tsarin yana da illa guda da ba a cika faɗa ba: kuɗin na shigowa ko an yi wa mamba magana ko ba a yi ba. Inda ake karɓa hannu da hannu, dole sakatare ya taka har inda kake, ya gaishe ka, ya ji ƙorafinka, in an ɓata maka rai ka hana. Inda kwamfuta ke cirewa, shugaba zai iya gama wa'adinsa bai taka makarantarku ba. Sai ka ga reshe mai ɗaruruwan mambobi a takarda, a kira taro ko benci uku ba a cika ba. To abin da nake so ku riƙe a shirin yau kenan: ana auna ƙarfin reshe da yawan mutanen da za su fito in an kira su. Allon ofis, da hula da riga ranar 1 ga Mayu, da hoton ciyaman tare da manya, duk ba sa cikin lissafin. Kuma wanda kuke tattaunawa da shi ya fi ku sanin wannan adadi.

Tarihi ma ya nuna haka. Babban yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya ɗauki kwana 44 a kan alawus na tsadar rayuwa, wasu manyan shugabanni sun so a ɗage shi. Ma'aikatan jirgin ƙasa da ke bayan Michael Imoudu ne suka ce ba gudu ba ja da baya, kuma daga baya Turawa suka kafa kwamiti aka ƙara alawus ɗin. A nan Arewa, a 1948, Malam Aminu Kano, yana matashin malamin makaranta, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa, a zamanin da malami ba ya iya ɗaga ido ya kalli hukumar En'e. Adams Oshiomhole da kuka sani, daga masaƙar Arewa a Kaduna ya fara, a matsayin sakataren ƙungiya a cikin masana'anta, kafin ya zama shugaban NLC a 1999. Sannan a 1994 gwamnatin Abacha ta rusa shugabancin NLC da na NUPENG da PENGASSAN, ta ɗora kantomomi. Kun ga da doka ɗaya ake iya sauke na sama. Abin da ya sa ƙungiyoyin suka sake miƙewa shi ne mutanen da ke wuraren aiki suna nan, sun san juna.

Kafin mu shiga matakai, ka san garkuwarka. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta don kare muradunsa. Najeriya ta amince da yarjejeniyoyi na 87 da 98 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1960, su ne masu magana a kan 'yancin haɗa kai da 'yancin yin ciniki da murya ɗaya. Dokar ƙwadago, sashe na 9, ta hana a kori ma'aikaci ko a cutar da shi saboda yana cikin ƙungiya. Gyaran da aka yi a 2005 ya ce shiga ƙungiya ganin dama ne, ba a tilasta kowa. In rikici ya kai kotu, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi. Akwai dai waɗanda doka ta cire, irin su sojoji, 'yan sanda, kwastam da jami'an shige da fice. Sannan sabuwar ƙungiya tana buƙatar sa hannun aƙalla mutum 50 kafin a yi mata rajista, kuma ba a yi wa sabuwa rajista inda akwai wadda ke wakiltar irin waɗannan ma'aikata. Shi ya sa hanya mafi sauƙi ita ce ku nemi ƙungiyar da ta dace da aikinku, ku zama reshenta, ko ku farfaɗo da reshen da ya yi barci.

Yauwa. To ta ina ake farawa?

Mataki na farko, jerin suna. Ku zauna ku uku ko huɗu da kuka yarda da juna, ku ɗauko littafi. Ku rubuta kowa da ke aiki a wurin: sunansa, sashensa, matakinsa, shekarar da aka ɗauke shi, rabonsa da ƙarin girma, na dindindin ne ko na wucin gadi. Ku sa har mai gadi da mai shara da direba. In reshen malamai ne, ku bi mazaɓa mazaɓa, makaranta makaranta. Aiki ne mai gundura, na sani, babu wanda zai yi maka tafi a kansa. Amma daga wannan littafi ne za ku fara ganin abin da ba ku gani a da. A ce kun tarar mutum 30 ne rabonsu da ƙarin girma ya wuce ƙa'ida, kowanne yana ta bin ofis shi kaɗai yana neman alfarma. Da an jera su a shafi ɗaya, magana ta tashi daga roƙo ta koma buƙata. Littafin nan amana ne, ba a watsa shi a guruf.

Mataki na biyu, magana ido da ido. Guruf ɗin WhatsApp yana da amfani wajen sanarwa, amma ba ya gina yarda, kuma duk abin da aka rubuta a ciki ka ɗauka oga ya karanta kafin la'asar. Ka samu mutum a gindin bishiya lokacin tara, ko a hanyar masallaci, ko ki same ta a ɗakin malamai. Kada ka je da lacca. Tambaya za ka yi: a wurin aikin nan, in an ce ka canza abu ɗaya, me za ka canza? Sai ka yi shiru ka saurara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kana iya zuwa da tunanin albashi ne damuwar kowa, ka tarar abin da ya fi ci wa malamai mata tuwo a ƙwarya shi ne babu banɗaki a makarantar, ko ma'aikatan asibiti suna kwanan aiki babu fitila babu mai gadi.

Mataki na uku, nemo wanda ake saurara. A kowane wurin aiki akwai shi, kuma sau da yawa ba shi ne mai yawan surutu a guruf ba. Ka duba wa ke riƙe kuɗin adashi. Wa ake ba gudummawa ya kai in an yi rasuwa ko haihuwa? Wa sabon ma'aikaci ke tambaya in ya rasa yadda zai cike takarda? Uwar adashin da ta shekara biyar ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta riga ta ci jarrabawar da ta fi ta zaɓe wuya. Irin waɗannan ake lallaɓa su zama wakilan wurin aiki. Ƙa'ida mai kyau ita ce kowace makaranta, kowane asibiti, kowane sashe ya samu wakili, kuma kada a ɗora wa wakili ɗaya fiye da mutanen da zai iya zagayawa ya gani a rana ɗaya ko biyu. In sanarwa ta fito da safe, kafin a tashi aiki ta kai ga kowa ta bakin wanda ya sani.

Mataki na huɗu, ku fara da ƙaramar buƙata wadda za a iya ci. Sabon reshe ya tashi da cewa sai an ninka albashi, ya ɗauko dutsen da ya fi ƙarfinsa. Ku zaɓi abin da ya dami mutane da yawa, wanda kuma mai iya warware shi yana kusa. A nan sai an san wa ke da ikon cewa e. A tsarin ƙananan hukumomi, ma'aikaci daga mataki na 07 zuwa sama, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke da ta-cewa a kan ɗaukarsa da ƙarin girmansa. Na ƙasa da haka an bar wa ƙaramar hukuma. Malaman firamare kuma lamarinsu yana bi ta ofishin sakataren ilimi zuwa SUBEB. In kun je kuna ɗaga wa hedimasta murya a kan abin da ke teburin SUBEB, kun ɓata da mutumin da ya kamata ya zama naku, kuma ba ku samu komai ba.

In kun zaɓi buƙatar, ku rubuta takardar koke gajera, a bi kowa ya sa hannu. Wannan takarda aiki biyu take yi. Tana isar da saƙo, tana kuma gwada ku. A ce ku 40 ne, mutum 12 suka sa hannu. To kada ku kai ta tukuna. Ku koma littafi ku ga su wa suka noƙe, a wane sashe suke, wa suke saurara. Ranar da 35 suka sa hannu, ku kai ta ku biyar ko shida, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku, da kwanan wata. Duk abin da aka yi alkawari, a rubuta, a sa rana. Alkawarin baki a ofis, da an canza oga ya bi shi. In aka gyara banɗakin nan, ko aka biya mutum goma bashin alawus ɗinsu, ku sanar da kowa yadda aka yi aka samu. Wanda ya noƙe a karon farko, shi zai fara tambayar ina takarda a karo na biyu.

Mataki na biyar, kuɗi. Nan ne rassa da yawa ke mutuwa, kuma ba lallai sai an ci kuɗin ba, zargi kaɗai ya isa. Ku nemi kundin tsarin mulkin ƙungiyarku ku karanta, a ciki aka rubuta yadda ake raba abin da aka cire tsakanin ƙasa da jiha da reshe. Asusun reshe ya kasance da sunan reshe, kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Duk wata uku ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban taro, da rasit. Mai binciken kuɗi kada ya zama abokin cin tuwon ciyaman. Asusun taimakon juna na rashin lafiya da rasuwa a ware shi daban. Akwai kuma wani tarko: reshe ya koma dillancin shinkafar azumi da ragon layya da babur bashi. Waɗannan suna da amfani, ba musu, amma aikin ƙungiyar gama kai ne. In duk abin da mamba ya sani game da reshensa shi ne ana cire masa kuɗin shinkafa, ranar da aka zalunce shi ba zai tuna da ku ba.

Mataki na shida, taro, da wa aka bari a waje. A sa rana tsayayya, kowa ya san ta, a fara a kan lokaci, a gama cikin awa ɗaya. A wuri irin Batagarawa, kada kullum a ce sai an zo sakatariya. A riƙa zagayawa da shi, yau nan gobe can, don wanda ke Ajiwa ko Jino ya san da shi ake. A yi da Hausa. A kuma duba lokaci: taron da aka sa bayan magariba a majalisar maza ya riga ya sallami mata, alhali a makarantu da asibitoci su ne ke ɗauke da babban kaso na aikin. Kada a ba su kujerar shugabar mata kawai a ce an gama. Sakatare, ma'aji, 'yan tawagar sulhu, duk su shiga. Maganar hutun haihuwa, da kwanan aiki, da ogan da ke takura wa 'yan mata, ba za ta taso ba in babu masu ita a ɗakin.

Haka ma 'yan wucin gadi, da masu aikin sa-kai a asibitoci, da waɗanda suka shigo ta irin shirye-shiryen N-Power da S-Power. Wasu tsofaffin ma'aikata suna musu kallon ba namu ba ne tunda ba a cire musu kuɗin ƙungiya. Wannan kuskure ne mai tsada. Ranar da kuka ajiye aiki, su za a kira su riƙe wurin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku tuna, ana tsakiyar yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, ministan ƙwadago Chris Ngige ya miƙa wa CONUA takardar rajista. Duk inda aka bar wasu suna jin an ware su, akwai mai jiran ya ɗauke su.

Mataki na bakwai, tsare shugabanni daga jarrabawa. Ban ce shugabanni ɓarayi ba ne. Amma mutum ɗaya, a ofis mai sanyi, an rufe ƙofa, an ambaci kujerar Makka ko fili ko muƙami ga ɗansa, ba kowa ke iya tashi ya fita ba. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Maganin shi ne ƙa'ida: ba mai zuwa ganawa shi kaɗai, aƙalla mutum uku. Abin da aka tattauna a sanar da mambobi a ranar. Ba a sa hannu a yarjejeniya sai an dawo an karanta wa taro. Zaɓe a yi shi a kan lokaci, wa'adi ya cika a sauka. Kowane mai muƙami ya ja matashi ɗaya a jiki yana koya masa. Batun jam'iyya kuma, kowa na da tasa, amma reshe ba na kowace ba ne. Ciyaman ɗin ƙaramar hukuma na yau da na gobe duk ku za su tarar. Wannan ya ƙara muhimmanci tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli 2024, da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, abin da NULGE ta daɗe tana fafutuka a kai. Duk ranar da hakan ya zauna daram, teburin ciniki zai matso kusa da gida, kuma reshen da bai shirya ba zai ji a jikinsa.

Sai yajin aiki. Da gangan na bar shi a ƙarshe. Doka ta shimfiɗa matakai kafin a kai gare shi: tattaunawa, mai shiga tsakani, sanar da ma'aikatar ƙwadago, sulhu. Gyaran 2005 ya ce sai an kaɗa ƙuri'a mafi rinjayen mambobi masu rajista sun amince. Kun ga amfanin littafin nan kenan. Masu ayyukan da doka ta kira na dole, irin su lafiya da ruwa da lantarki, an ƙara tsaurara musu. Sannan sashe na 43 na dokar rikicin ma'aikata ya ba da damar a hana albashin kwanakin yaji, malaman jami'a sun ɗanɗana a 2022. Reshe kuma ba ya tafiya shi kaɗai ba da sanin shugabancin jiha ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ranar, iyayen yara su san dalili, limamai da masu unguwanni su ji daga bakinku, domin yaran da za a rufe wa aji 'ya'yan maƙwabtanku ne. In jama'ar gari suka juya muku baya, kun faɗi tun ba a fara ba.

To ina waɗanda ba su da ƙungiya kwata-kwata? Ina nufin malaman makarantun kuɗi, masu aikin gidan mai, gidan burodi, gidan ruwan leda. Ku lura da wani abu: masu makarantun suna da tasu ƙungiyar, NAPPS, suna zama suna shawara. Malaman ne kowa ke shiga ofis shi kaɗai. Gaskiya ita ce dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba. Amma dokar ƙwadago ta ce a ba ƙaramin ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa, ta kuma ƙayyade wa'adin sanarwa kafin sallama gwargwadon daɗewarsa, har zuwa wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Neman takardar ɗaukar aiki buƙata ce mai kyau ta farko. Sai dai ku tafi a hankali. Doka ta hana kora saboda ƙungiya, amma ana kora a fake da wani dalili, kuma shari'a tana cin lokaci da kuɗi. Don haka ba a fara wa da sanarwa. A fara da adashi, da jerin suna, da ajiye duk wata shaida: saƙon alat, takardar tuhuma, jadawalin aiki. Sai kun yi yawan da ba za a iya sallamar ku duka a ci gaba da aiki ba, sannan ku nemi ofishin NLC na jiha ya haɗa ku da ƙungiyar da ta dace.

Masu Keke da 'yan acaɓa da makanikai, ku ba ku da oga mai biyan albashi, amma tambayoyin nan biyar sun hau kanku. Tikitin da ake yankar maka kullum, ina kuɗin ke zuwa? In an kama mashin ɗinka, wa ke zuwa? In ka yi haɗari, me iyalinka ke samu? Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin Turawa, mahauta na da Sarkin Pawa, maƙera na da Sarkin Maƙera, manoma na gayya. Abin da zamani ya ƙara shi ne zaɓe da rasit.

Na san wani zai rubuta a ƙasa: malam, duk ɗaya suke, sayar da mu suke yi. Na ji, kuma akwai abubuwan da suka faru da suka sa mutane faɗin haka. Amma ko ka halarci taro ko ba ka halarta ba, za a cire kuɗin nan a ƙarshen wata, kuma da sunanka za a shiga ɗaki a yi magana. Shugaban da ya san mutum goma ne za su zo taro, ba ya tsoron kowa. Wanda ya san ɗari biyu za su zo su tambaye shi, tun a teburin sulhu zai fara tunanin abin da zai faɗa musu.

Ga aikin gida na wannan mako, kuma ba ya cin ko sisi. Ka duba nawa ake cire maka. Ka gano sunan wakilinka, in babu ka san babu. Ka tambayi abokan aikinka uku abu ɗaya da za su canza, ka saurara har su gama. In kana da ɗan'uwa ko maƙwabci a ɗaya daga cikin rassan hanyar Dutsinma, ka roƙe shi ya nuna maka yadda suke shirya taro da rubuta koke.

Ku ajiye mana amsoshinku a ƙasa: cikin tambayoyi biyar ɗin nan, nawa ka iya amsawa? Ba sai kun ambaci sunan wurin aiki ko sunan wani ba, ku tsare kanku. Ku tura wa abokin aikin da kuka san yana buƙatar jin wannan. Allah Ya sa albarka a guminmu, Ya ba mu shugabanni masu amana.